Kalangun Kakana a Fim ɗin Japan

Jama'a, ku matso kusa, yau ba zan iya ɗaga murya ba. A gidan su saurayina nake rubuta muku wannan, a ɗakin ƙanwarsa Aziza, na takure a gefen gado da mayafina kamar wadda aka kawo ajiya. Ke kuma da kika ce min a sharhi wai na cika tsoro kamar farar kura, ki karanta na yau tukuna, sai ki dawo mu yi magana.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Mansura, a Kinkinau muke, nan Kaduna. Abbana, Malam Zaharaddeen, ma'aikacin gwamnati ne, irin masu gugar kaftani har ranar da ba aiki. Saurayina Ubaidullah ne. Manyansa sun zo gaisuwa, yanzu ana bincike kafin a sa rana. To mahaifinsa, Alhaji Lawan, da suke kira Dadi, ba ya wasa da bincike. Bara wani likita ya fito neman Aziza, yaro mai hankali, ga sallah ga ladabi. Dadi ya tura mutane har garinsu, suka dawo suka ce kakansa wanzami ne. Shi ke nan, ko zama ba a sake yi ba. Aziza ta yi wata tana kuka, har yau ba ta koma yadda take ba.

Mu kuma a gidanmu akwai abin da ba a faɗa. Ba a kiɗa a gidanmu. Ko tallan da ke zuwa kafin labarai Abba rage murya yake yi. Muna yara mun ɗauka tsananin addini ne, sai da na girma Umma ta raɗa min gaskiya. Kakana, Baba Sabo, da ke Rigachikun yana noman masara, a da makaɗin kalangu ne a wani ƙauye a ƙasar Katsina. Abba ya sha “ɗan maroƙi” a makaranta har ya ƙoshi. Da ya sami aiki a Kaduna sai ya ɗauko tsohon, ya nema masa gona, ya roƙe shi ya rataye kalangun. Kun san Kaduna, kowa daga wani wuri ya zo, abin da ka ce kai ne shi za a ɗauka. Tun daga nan muka zama jikokin manomi. Amma in go-sulo ya riƙe mu a hanya, ina ganin yatsun Abba suna bugun sitiyari su kaɗai, sai ya farga ya dunƙule hannun.

Ni kuwa jinin bai tsallake ni ba. A wani dogon yajin aikin jami'a, zaman gida ya ishe ni, na faɗa kallon katun ɗin Japan, wanda muke cewa anime. Ƙawayena zanen ne ya tafi da su, manyan idanu da gashi kala-kala. Ni kiɗan ne ya kama ni. Sai ka ji piyano shi kaɗai, ɗis, ɗis, kamar indararo bayan ruwa ya ɗauke. Kana cikin haka sai gogen Turawa su shigo, ba ɗaya ba, ba goma ba, su ɗaga ka sama. Can ƙasa kuma sautin na'ura yana gurnani har cikin ƙirji. Abin da ya fi kashe ni, sun san inda za su yi shiru. Yarinyar zane za ta tsaya a bakin titi, kiɗa ya ɗauke cak, ni ga ni a Kinkinau ina share hawaye da bakin hijabi saboda wadda ba ta ma da rai.

Na koya a ɓoye. Ina da ɗan ƙaramin piyano na lantarki da ke shigewa ƙarƙashin atamfofina a durowa, da kwamfutar makaranta, da iyafis na sawa a kunne. Abba yana ganina a duƙe yana sa min albarka, wai ina karatu.

Bara wasu matasa a Japan, ɗan ƙaramin kamfani, suka sa sanarwa a intanet suna neman kiɗa don gajeren fim ɗinsu. Sun turo wurin da suke so: wata yarinya a kan keke, ta ɗauko garwashin wuta na ƙarshe a garinsu cikin kwano, ƙanƙara tana zuba, wani baƙin abu mara fuska yana bin ta. Na zuba goge, na zuba ƙahonni, na zuba na'ura. Bai yi ba. Yarinyar gudu take, kiɗana kuwa tafiya yake.

Da muka je Rigachikun yawon Sallah, na lallaɓa ɗakin Baba Sabo.

“Amarya, yau kuma me kika zo ƙwace min?” ya ce.

“Tsoho, an ce da can kai wani abu ne. Ni ban yarda ba.”

Ya harare ni, ya leƙa tsakar gida, ya tura ƙofa. Ya sa sanda ya sauko da wani buhu da ke rataye a jikin azara. Da ya zaro kalangun daga ciki ya matse a hammata, wallahi sai da bayansa ya miƙe. Ya kaɗa ɗan gajere, mai sauri, yana hawa yana sauka, gashin jikina ya tashi. Na ɗauka a waya.

“Wannan ne hannuna ya ƙi mantawa,” ya ce yana mayar da shi buhu. “Kar Zaharaddeen ya ji, zai ce na lalata masa 'ya.”

Na ɗora komai a kan wannan kiɗan, kuma suka zaɓe ni. Suka ɗauko makaɗa na gaske a can, cike da zaure, suka sake buga gogen da ƙahonnin, amma kalangun Baba Sabo suka bar shi a gaba yadda yake. Mai shirya fim ɗin har ya rubuto min wai gangar nan kamar magana take yi. Na yi dariya, na ce daɗin baki ne irin nasu. Ban sa sunana na gaskiya ba. Ubaidullah kaɗai na gaya wa, don shi ma mayen anime ne, a nan muka haɗu. Da ya tambaye ni gangar, na ce a intanet na samo.

Yau da safe ina wanke-wanke saƙonsa ya shigo.

“Mansura!!! Hajiya ta yi magana!”

Hajiya Asabe ita ce mahaifiyar Dadi. Tun kafin azumi ɓarin jikinta ya shanye, ko “ruwa” ba ta sake cewa ba.

“Alhamdulillah! Yaushe?”

“Jiya da yamma. Ina zaune wurinta ina kallon fim ɗinki a kwamfuta, na manta iyafis. Gangar nan tana shigowa ta ɗaga hannu ta yi jinjina, ta rangaɗa guɗa, ta ce Baba! Dadi yana bakin ƙofa, saura kaɗan ya faɗi.”

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce.

“Ya ce yana son ganin wadda ta haɗa kiɗan. Yau.”

“Ka gaya masa NI CE??”

“To ƙarya zan yi masa? Ai abin alfahari ne. Aziza za ta zo ɗaukar ki bayan azahar. Ki ce dubiya za ki zo.”

Abin alfahari! Ku ji min yaron nan. Shi da aka haifa a Malali, unguwar manya, da sunan gidansu a jikin get, me ya sani game da abin da ake binnewa? Na rubuta masa zagi mai layi uku, na goge, na tura masa “to”.

Umma ta ji dubiya ce sai murna. Ta zaɓo min atamfa ruwan toka mai ƙananan ganye, ta ce kar in sa jan baki, ta miƙo min babban mayafinta mai kauri. Ta zuba farfesun kaza a kula, ta haɗa da lemo da ayaba. Sau uku ina ɗaura ɗankwali yana warwarewa.

Abba yana falo da jarida. Na durƙusa na ce zan tafi.

“Ki gaishe su. Ki nutsu, ban da surutu.” Ya juya shafi, bai ɗago ba. “In hira ta kawo maganar gida, kin san amsa. Mu manoma ne.”

“To, Abba.”

Na tashi na fita.

A mota Aziza ba ta kunna komai ba. Mun wuce kasuwa, mun hau babban titi, sai ta ce, “Dadi bai karya ba yau.”

“Fushi yake?”

“Na san fushin Dadi, ai a kaina aka gwada shi. Wannan ba shi ba ne. Ban san meye ba.”

Da ta ce fushi ne da ya fi min sauƙi.

Ɗakin Hajiya yana ƙasa, yana ƙamshin turaren wuta da man zafi. Tana kan gadon asibiti an jingina ta da filo, ƙarama, fara sol, bakinta ya ɗan karkace. Dadi yana kan kujera da farar jallabiya da carbi. Ubaidullah yana tsaye rungume da kwamfuta, sai washe min baki yake kamar wanda ya ci gasa. Na zube a ƙasa na gaishe su, muryata ko ni ban ji ta ba.

“Ubaidu, ajiye wannan a gabanta,” Dadi ya ce. “Kai da Aziza ku ba mu wuri. Ku ja ƙofar.”

Murmushin Ubaidullah ya ɗauke. Ya kalle ni, na kalli kafet. Suka fita.

“Kunna.”

Da yatsana na danna. Piyano ya fara, a hankali. Yarinyar ta hau keke da kwanonta. Na'ura ta soma gurnani daga ƙasa, baƙin abin nan ya taso a bayanta, goge suka shigo suna rawar ɗari. Kiɗan da na kwana nawa ina so, yau ji nake kamar ni yake bi. Na san daidai inda shirun yake, na san abin da ke bayansa. Shirun ya zo. Kalangu ya faɗo.

Hajiya ta ɗaga hannunta mai lafiya, ta dunƙule. Leɓɓanta suka fara motsi, daidai da gangar, hawa da sauka. Murya ta fito a shaƙe, amma kowace kalma na ji ta.

“Ila na bakin kasuwa! Ila mai wuƙa, nama ba ya kwana gidanka! Baban Asabe, a yanka a raba!”

Ta maimaita, gangar ma ta maimaita. Sai a lokacin kunnena ya buɗe. Ashe ba daɗin baki mutumin Japan ya yi min ba. Ashe take ne. Ku 'yan birni irina, take shi ne kiɗan da makaɗi ke yi wa mutum ɗaya, gangar ta kira sunansa da kirarinsa, wanda ya sani yana jin kalmomin sarai. Ni jikar makaɗi, na saurari abin nan ya fi a ƙirga, na yanka shi, na jera shi, na aika shi ƙarshen duniya, ban taɓa jin yana kiran sunan wani ba.

Hawaye suna bin kuncin Hajiya. Ta ce, “Sabo ne. Hannun Sabo ne wannan.”

Dadi ya miƙa hannu ya rufe kwamfutar.

“A ina kika samo wannan kiɗan?”

“A intanet” yana kan harshena. Na ga Abba da jaridarsa. Na ga likitan Aziza yana fita daga gidan nan. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji an riƙe min wuyan hannu. Hajiya ce. Ban san tsohuwa mara lafiya tana da ƙarfi haka ba.

“Yarinya,” ta ce, “Sabo yana nan?”

Jama'a, Dadi zan iya yi wa ƙarya, Allah ya yafe min. Amma matar da ta yi watanni bakinta a rufe, ta buɗe shi don ta yi min tambaya ɗaya? Na kasa.

“Yana nan, Hajiya. Yana Rigachikun.”

“Rigachikun,” Dadi ya maimaita a hankali. Na ga lokacin da abin ya haɗu a kansa. “Mene ne tsakaninki da shi?”

“Kakana ne. Shi ya haifi Abba.”

Fanka tana juyawa. A waje wani mai gwangwan yana wucewa yana kira.

“An ce min manomi ne.”

“Yana noma, Dadi.”

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. Ya ajiye carbin a cinya.

“Kin ji abin da Hajiya ta faɗa?”

“Na ji.”

“Kin gane?”

Wa zai ji wuƙa da nama da bakin kasuwa bai gane ba? Kalangu ai kiɗan mahauta ne, wannan ko ni na sani. Na ce, “Na gane.”

“Ila Sarkin Pawa ne, shi ya haife ta. Mahaifina malamin ofis ne, ya auro ta daga ƙasar Katsina ya kawo ta Kaduna, aka rufe maganar. Yarana ba su sani ba.”

Ba zan ɓoye muku ba, haushi ya kama ni. Jikan mahauci, shi ne ya kori jikan wanzami! Aziza tana bayan ƙofar nan da zuciyarta a karye saboda aska, alhali wuƙa ce a gidansu. Amma haushin bai daɗe ba, tsoro ya danne shi. Da ma asirinmu kaɗai ya tonu, da sai ya ce ba ya yi, a rabu. Yanzu ni ma na riƙe nasa. Ta yaya mutum irin Dadi zai yarda ya dinga ganin fuskata a gidansa, kullum ina durƙusawa ina gaishe shi, ya san na sani?

“Lawan,” Hajiya ta ce. “A kawo min shi.”

“Hajiya...”

“A kawo min shi in ji taken Babana.”

Dadi ya kalle ta. Sannan ya zaro waya daga aljihu. Da na ga sunan da yake nema, ban san lokacin da na rarrafa gabansa ba.

“Dadi, don girman Allah. Abba bai san ina kiɗa ba. Bai san na ɗauki Baba Sabo ba. Bai san komai ba, wallahi zai iya...”

“Uwata ce ta ce a kawo mata,” ya ce. Ya danna, ya sa a sifika.

Bugu biyu Abba ya ɗauka, da muryar nan tasa ta girmama manya. “Salamu alaikum, ranka ya daɗe! Ya mai jiki? Yarinyar ta iso kuwa?”

Dadi ya rufe ido.

“Malam Zaharaddeen, ba Alhaji Lawan da ka sani ke magana ba. Jikan Ila Sarkin Pawa ne. Ɗan Sabo mai kalangu nake nema. Uwata ta ce a kawo mata Sabo, ta ji taken mahaifinta.”

Ina jin ƙarar fankar falonmu ta cikin wayar, wadda kullum Umma ke cewa a gyara. Sai na ji wani abu ƙasa-ƙasa, ƙwas, ƙwas-ƙwas, yatsu a kan teburin gilashi. Taken nan ne, farkonsa. Hajiya ta juyo da kai wajen wayar. Yatsun suka tsaya cak, na san ya dunƙule hannun.

“Mansura tana wurin?” Muryar ba ta Abban da na baro da jarida ba ce.

“Ga ta.”

“Ba ni ita.”

Dadi ya cire sifikar ya miƙo min. Na kara a kunne da hannu biyu.

“Abba, don Allah ka...”

“Ke kika kai musu maganar?”

“Ni ce.”

Ya ja numfashi. Na jira faɗa, na jira tsinuwa, har na fi son su zo.

“Ki zauna a nan. Kar ki motsa.” Ya kashe.

Tun kafin la'asar ke nan. Dadi ya ce Aziza ta hau da ni sama. Ubaidullah ya turo saƙo ya fi ashirin: “Me ya faru?” “Me Dadi ya ce?” “Mansura ki yi min magana mana.” Ban amsa ko ɗaya ba, don ban san wanne ne nawa in faɗa ba. Umma ta kira, na kasa ɗauka, sai ta rubuto: “Abbanki ya fita ko hula bai sa ba. Me kika yi?” Na yi sallah ban san me na karanta ba. Daga Kinkinau zuwa nan ba nisa, ga rana har ta yi ja, bai iso ba. Na ƙirƙiro masa hatsari, na ƙirƙiro masa hawan jini, na ga kaina ana mayar da kayan gaisuwa, na ga piyanona a bola. Shi ya sa na ɗauko waya nake rubuta muku, don in na zauna haka zan iya haukacewa.

Ku tsaya. Hon ɗin motarsa ne, na san shi.

Aziza ta ɗaga labule. Ta ce, “Abbanku ne. Amma ba shi kaɗai ba ne, akwai wani tsoho a gaba, ya rungume buhu.”

Na taso na leƙa. Motar duk jar lakar Rigachikun. Mai gadi yana tsaye, direban Dadi yana tsaye, Ubaidullah ya fito bakin baranda. Abba ya fito kansa ba hula, ya zagaya ya buɗe wa Baba Sabo ƙofa, ya kama shi ya tsayar. Ya karɓi buhun. Na ɗauka haka zai shigo da shi, a rufe, kamar masara.

Ya kwance bakin buhun, ya zaro kalangun, ya jefa buhun cikin mota. Ya rataya shi a kafaɗarsa, a kan gogaggen kaftaninsa, a gaban kowa. Bai ɗago ya kalli tagar nan ba ko sau ɗaya.

Ga shi ana kiran sunana daga ƙasa, kuma muryar Abba ce.